Ɗan Tsibirin da Bai Iya Iyo Ba

A Chiloé aka haife ni, a gidan katako
mai tsaye bisa ƙafafu goma sha shida cikin teku.
Da dare igiya na lasar ginshiƙan ƙarƙashin gadona,
amma na kai shekara talatin da huɗu
ban taɓa jiƙa gwiwata ba a ruwa.

Ubana ya fita da kwalekwale wata Talata,
aka dawo da hularsa ta ulu da filafili guda.
Watana bakwai a duniya. Tun daga ranar
Eduvigis ta daina dariya, ta daina tallar kifi,
ta koma ƙofa, ta koma sakata,
abin da ya rage mata kawai sunan uwa.

Rigunan sanyi uku ta saƙa, nakan sa su a jere
ko da rana ta buɗe.
Ita ke cire mini ƙayar kifi har na yi gemu.
Wuƙa na can saman kabad, ashana na aljihunta.
In na yi tari sau biyu, makaranta sai wani mako.
"Baldomero, kul! Taka a hankali,
mai gudu shi ke gayyato faɗuwa."

Ta taga nake kallon Nicanor da Froilán
suna diro daga gada, leɓɓansu sun yi baƙi don sanyi.
Froilán ya karye a hannu, aka ɗora, ya koma.
Na yi kishin karayar nan.
Na so a ce ina da tabo ko ɗaya na nunawa.
Jikina sumul kamar ƙwai, ba labari a kansa,
dogo, fari, marar ƙwari,
irin dankalin da ya tsiro a inuwa.

An ba ni aikin yankan tikiti a Puerto Montt.
Na haɗa jaka, ta dafe ƙirji, na kwance jaka.
Clorinda ta jira ni hunturu biyu,
ta ce, "Kai ko shayi aka ce ko kofi
sai ka waiwaya ka duba fuskar tsohuwarka."
Gaskiya ta faɗa. Nicanor ta aura.
Na ji ƙararrawar cocinsu daga ɗaki,
ban je ba, wai ana guguwa.

Bara ɓarin jikinta ya shanye.
Daren farko ta ce tana son romo.
Na tsaya gaban murhu, ƙato da ni,
ashana tara na karya kafin wuta ta kama.
Na hau kujera na sauko da wuƙar,
kifin ya zille, ta sami babban yatsana.
Jini ya ɗiga a katako, ɗis, ɗis.
Ta yunƙura za ta taso, jiki ya ƙi,
idonta ya cika da tsohuwar damuwa.

Ni kuwa dariya ta kama ni.
Ashe iyakar zafin ke nan?
Wannan ne dodon da aka rufe mini ƙofa dominsa?
Na ɗaure yatsan da tsumma, na ba ta romon,
gishiri ya yi yawa, ta shanye ba ta ce komai ba.

Ban riƙe ki a zuci ba, Eduvigis.
Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.
Sai dai kin tare mini mutuwa da jikinki duka,
ba ki lura ba, ta ƙofa ɗaya suke shigowa,
ita da rayuwa.

Yau da asuba teku ya janye.
Na bi tsanin bayan gida, takalma a hannu.
Laka ta kama ni, sanyi ya sare ni har ƙashi.
Froilán na gyaran koma, ya ɗago, bai yi dariya ba,
ya ce, "Matso. Kwanta a bayanka, zan tallafe."
A sama labule ya motsa, na san ita ce.
Ban waiwaya ba.
Na saki ƙafata ɗaya, sannan ɗayar,
kunnuwana suka cika da ruwa.